Ruwan Jegon Suwaiba

Ranar da Suwaiba ta cika kwana goma sha biyu da haihuwa, mahaifiyarta Safara'u ta tsaya cak a tsakiyar wankan safe, damin ganyen dogon yaro yana ɗiga a hannunta. Tururi ya cika makewayi. Suwaiba tana zaune bisa turmin da aka kifa, ta ba da baya, tana jiran saukar ganye. Fatar bayan ta yi jajur, wani wurin ya ɗaye kamar ɓawon albasa, tsakanin kafaɗu kuwa har ya soma tsattsafo da ruwa.

"Inna, ruwa na hucewa," in ji Suwaiba.

"Tun yaushe bayanki yake haka?"

"Kwana uku yana ƙaiƙayi. Na ɗauka zafin ruwa ne."

Safara'u ta sake duban bayan. Shekara ashirin da ɗoriya tana yi wa matan Dakko wankan jego, ta kuwa san ƙunar ruwan zafi: takan taso, ta fashe, ta bushe cikin 'yan kwanaki. Wannan ba ita ba ce. Ta ƙarasa wankan da sassauci, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko jaririyar, wadda aka raɗa wa suna Taiba, ta fito da ita haske ta warware zanen da ke jikinta. Ƙuraje ne ƙanana a wuya da hammata da matsematsi, idanun kuma sun yi ja. Tun jiya yarinyar take kama nono ta saki, ta kama ta saki.

Suwaiba ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yan Safara'u da suka rayu. A Faru ta ƙasar Maradun take aure. Da cikin ya tsufa, uwar mijinta, Hindu, ta so ta haihu a can, amma Safara'u ta yi aike har sau uku cewa haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, kuma wankan kwana arba'in babu hannun da zai yi shi sai nata. Da ƙyar Hindu ta saki. Duk Dakko an san wannan, domin Safara'u ba ta ɓoye farin cikinta ba ranar da aka kawo yarinyar.

Da ta kwantar da jaririyar, sai ta zaga bayan katanga, inda ruwan wanka yake kwarara. Nan ne lambunta, in har za a kira shi lambu: 'yan saiwoyin rama, da kabewa guda da ta hau danga, da ciyawar da take yankar wa awaki. Ko a tsakiyar bazara irin wannan wurin ba ya rabuwa da kore. Yau ta tarar da ramar ta sunkuya, ganyen kabewar ya yi rawaya ya nannaɗe, ciyawar kuwa ta ƙone daga baki zuwa tushe, daidai hanyar da ruwan yake bi. Ta daɗe a tsaye. Ta san wannan irin ƙuna. Kullum tana ganin ta a gefen gonakin shinkafa, kwana kaɗan bayan an yi feshi.

Rijiyar garin ta ja baya tun farkon zafi, famfon burtsatse kuma ya lalace tun bara. Abin da mata suke samu a rijiya bayan dogon jira bai wuce na sha da na tuwo ba. Wankan jego kuwa yana cin ƙatuwar tukunya biyu a yini, ban da na jaririya da wankin tsummoki. Saboda haka ɗanta Ɗanlami ne yake ɗebo ruwan wankan a kanal, wato magudanar da ke kawo ruwan dam ɗin Bakolori zuwa gonaki. Ɗanlami magidanci ne mai 'ya'ya biyu, sana'arsa feshin maganin ciyawa a gonakin mutane, kuma a cikin shuɗɗan jarkokin da maganin ya ƙare yake ɗauro ruwan bisa mashin.

Ta same shi a tsakar gida yana sauke jarkokin, mahaifinsa Malam Nasidi, na'ibin limamin unguwa, yana zaune a inuwar zaure da littafi a cinya.

"Malam, ina da magana kan ruwan ga," in ji ta. Ta faɗa musu abin da ta gani, daga bayan Suwaiba har ganyen kabewa.

Malam Nasidi ba mai gaggawa ba ne. Ya rufe littafin, ya sa aka zubo masa ruwan a moɗa. Ya ɗaga shi wajen haske ya duba, ya kai hanci, sannan ya kurɓa ya juya a baki ya zubar.

"Launi bai sake ba," ya ce. "Ƙanshi bai sake ba, ɗanɗano bai sake ba. Ruwan da ukun ga ba su sake ba, mai tsarki ne, mai tsarkakewa. Ke da kanki kin karanta wanga babi a gabana, Safara'u."

"Na karanta, Malam. To, kabewata hwa?"

"Ruwan zafi kike sheƙa mata safe da marece. Ko ni aka yi wa haka sai na yi rawaya."

Ɗanlami ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Inna ta zama likita ba mu sani ba. Jarkokin ga wanki bakwai na yi musu, na farko da ƙasa, kamar ƙwaryar da kare ya lasa. In najasar kare ta fita da haka, mi ne maganin ciyawa? Kuma ki diba nan." Ya juyo da jarka ɗaya, ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi da ke jikin takardar da aka manna. Farcen yatsan ya yi baƙi, ya tsage. "Lambar gwamnati ke nan. Ba a sa ta sai an gwada."

"Wa ya gwada?"

"Manya, Inna. Masu farar riga."

"Kai da kake tari kamar tunkiya mai mura, su sunka gwada ka?"

"Tarin ga na ƙura ne. Ko so kike mu koma duƙe cikin laka muna cirar ciyawa da hannu, kamar lokacinku?"

Safara'u ba ta manta da wannan lokacin ba. Ta yi shekaru tana wuni cikin ruwa har gwiwa, matsattsaku suna manne mata a ƙafa, bayanta kuma har yau bai miƙe daidai ba. Ranar da aka fara kawo maganin, ita ma ta yi wa wanda ya ƙirƙiro shi addu'a.

Duk da haka ta kasa zama. Ta ɗora kunun kanwa ta manta da shi har ya kama. Ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga. Da hantsi ya ɗaga ta zura hijabi ta ce za ta gaida maras lafiya, ta bi hanyar kanal.

Gonakin shinkafa sun shimfiɗu kore shar har iyakar gani, babu tsinken ciyawa ko ɗaya a tsakaninsu. A bakin kanal, inda aka yi matakala ta siminti, maza huɗu ne tsugune suna ɗauraye tankunan feshinsu. Ruwan da suke juyewa fari ne kamar tsinkakken nono, yakan yi 'yar tafiya a saman kanal ɗin sannan ya ɓace, ruwan ya koma garau kamar ba a zuba kome ba. Taku kaɗan ƙasa da su ta ga sawun tayar mashin a laka, inda Ɗanlami yake tsayawa. Gaɓar da a da take cike da lalo da tafasa ta zama ƙasa tsirara. Wasu 'yan kifaye kamar yatsa sun taru a kwana, cikinsu a sama.

Wani dattijon Bafulatani ya zo wucewa da shanu. Shanun suka karkata wajen ruwa, ya tare su da sanda yana tsawa. Bayan sun gaisa ta tambaye shi dalili.

"Maraƙina biyu sunka mutu bara," ya ce. "Ban ce ruwan ne ba, Allah shi ya sani. Amma ba ni shayarwa nan."

Washegari ta yi wankan safe da rabin ruwan da ta saba, ta bar wa matar Ɗanlami gidan, ta hau kabu-kabu zuwa Bakura. A cikin jakarta akwai kwalbar lemo cike da ruwan jarka, da takardar da ta ɓamɓaro daga jikin jarkar. A ɗakin shan magani wata ma'aikaciya ta saurare ta a tsaye, ta ba ta man shafawa, ta ce a riƙa tafasa ruwa.

"Ɗiyata, ruwan jego ne," in ji Safara'u. "Tafasa yake har ya yi tsalle."

"To, in an tafasa ai shi ke nan, Inna. Ƙwayar cuta ba ta jure wuta."

"Maganin ciyawa ma ƙwayar cuta ne?"

Ma'aikaciyar ta dube ta, ta dubi layin matan da ke jira, ta ce wannan ba fanninsu ba ne, sai dai ta je Talata Mafara, akwai ofishin da ke sa ido a kan magungunan gona.

Rana ta take tsaka kafin ta gano ofishin, ɗaki biyu a bayan wani dogon sito. Jami'in da ta tarar, Malam Sanusi, mutum ne mai furfura a gemu da ladabi a baki. Ya ba ta kujera, ya tambaye ta hanya, da gida, da zafi, da mutanen Dakko, da mai jego, ya yi barka, ya yi wa jaririya addu'ar rayuwa. Sai da aka gama wannan duka ta ajiye kwalbar da takardar a kan teburinsa, ta yi bayani dalla-dalla kamar yadda ta tsara a mota.

Ya jawo wani littafi mai kauri wanda gefensa ya cinye, ya bi layi da yatsa har ya tsaya.

"Ga shi nan, Hajiya. Maganin yana da rajista. Lambar gaskiya ce, ba jabu ba."

"Alhamdu lillahi. To, a gwada mini ruwan ga."

Ya yi ɗan murmushi mai kama da neman gafara. "Nan ba mu da na'ura. Sai dai in rubuta, in haɗa da kwalbar, in aika sama. Su kuma su aika inda ake gwaji."

"Kwana nawa?"

"In an yi sa'a, wata uku. Akwai wadda na aika bara, har yau shiru."

"Kwana ashirin da bakwai sunka rage mata ta gama wanka, Malam."

Ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su bukatar gyara.

"To, wanda ya ba da lambar," ta ci gaba, "shi ya gwada a jikin mai jego? Ya gwada a jikin ɗiyar kwana goma?"

"Yadda na san ana yi," ya ce a hankali, "masu maganin su ke yin gwajinsu, su kawo takardu. Na sama su duba takardun, in sun gamsu su ba da lamba. Kuma lambar ta feshi a gona ce, yadda anka rubuta. Ai ga shi nan an ce kada a wanke tanki a ruwan da mutane ke amfani da shi, kada a sake zuba kome a jarkar."

"Ina anka ce?"

Ya nuna mata wasu layuka ƙanana kamar ƙwan tururuwa a ƙasan takardar, da Turanci.

"Wa ke zuwa ya ga ko ana bi?"

"Ni ne," ya ce. "Ni kaɗai, ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Mashin ɗin ofis kuwa ga shi can a jingine."

Safara'u ta zo da shirin ta tarar da azzalumi ko maƙaryaci, irin waɗanda suka zo da awon gonaki da alkawarin diyya lokacin da ruwan dam ya ci garin iyayenta tana amarya. Da ta sami haka, da ta san inda za ta ajiye fushinta. Amma wannan bawan Allah ne mai gajiya. Ana cikin haka aka kira sallar azahar. Ya nemi izini, ya ɗauki buta, ya je kusurwar baranda ya tsiyayi ruwa daga wata shuɗiyar jarka. Ta bi jarkar da ido. Ba a ma ɓamɓare takardar jikinta ba.

"Malam Sanusi, wannan ba irin tamu ba ce?"

Ya dubi jarkar kamar yau ya fara ganin ta. "An wanke ta sosai," ya ce. Ya tsaya da butar a hannu, bai tsuguna ba, bai kuma mayar da ruwan ba.

Ta bar masa kwalbar, domin ya ce zai aika, ta yi sallarta a wani gida da ke kusa, ta kama hanya. A mota ba ta ga kome ba sai lissafi. In ta ci gaba da wankan, da wane ruwa? In ta tsayar, wa ya taɓa tsayar da wankan jego a kwana goma sha uku?

Ta isa gida bayan la'asar ta tarar da Suwaiba zaune a bakin gado tana kuka marar sauti. Jaririyar ta ƙi nono tun hantsi, sai ɗan abin da aka matsa mata a cokali. Ƙurajen sun haura har bayan kunne.

"Yau ba a wanka," in ji Safara'u.

Suwaiba ta ɗago a firgice. "Inna, ki rufa mini asiri. Kin manta Husaina ta gidan Yari? Kwana ashirin ta yi ta bari, sanyi ya shige ta, ƙafafu sunka kumbura, ba ta ga arba'in ba. Ni dai a yi mini, ko fatar za ta salluɓe duka."

"Ita wagga hwa?" Safara'u ta nuna jaririyar. "Ita ma ta salluɓe?"

"A yi mata da na rijiya."

"Jikinki take kwana, nononki take sha, zanenki da ruwan nan ake wanke shi. Ina zan raba ku?"

Suwaiba ta share ido da bakin zane. Can ta ce, kamar mai magana da kanta, "Da a Faru ne, rijiya na cikin gida. Bisa tudu take, ba ta ƙafewa, ba ruwanta da kanal."

Ta faɗa ne ba da nufin kome ba, da ta ga fuskar mahaifiyarta kuwa sai ta yi da-na-sanin faɗa. Safara'u ta fita tsakar gida. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta kwance akuya ta sake ɗaure ta a turken da ta kwance ta. Tana jin muryoyin matan Dakko tun kafin su yi magana: ga wadda ta yi aike uku, ga gwanar wanka, ta kasa da ɗiyar cikinta. Tana kuma jin ta Hindu, wadda ba ta ɗaga murya, ba ta kuma mantuwa.

Da Malam Nasidi ya dawo daga masallaci ta same shi a zaure, ta durƙusa, abin da ta daɗe ba ta yi ba sai da babbar magana.

"Malam, ina neman izini in mai da yarinyar ga Faru gobe."

"Mai jego? Kwana goma sha huɗu? Safara'u, ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai ta yi arba'in, ke kin fi kowa sani. Mi mutanen Faru za su ce mun yi? Mi anka ce miki a Mafara?"

"An ce lambar gaskiya ce."

"To, kin ji."

"An kuma ce masu maganin su ke gwada abinsu, su kai takarda, a sa musu hannu. Malam, kai ka zauna gaban alƙalai. In mutum ya kawo kaya kasuwa anka yi ƙara, ana karɓar shaidarsa a kan kayansa?"

Ya ja gemu. "Ba a karɓa," ya ce. "Mai amfana da shaida ba ya shaida."

"To, shaidar da Ɗanlami ke nuna mini ke nan. Ban ce ruwan ba shi da tsarki ba. Ka yi alwala da shi, sallarka ta yi. Amma jiya na tsaya na ga an zuba abu fari cikin kanal, kafin in ƙifta ido ya ɓace, ba launi, ba wari. Ina ya tahi? Ban sani ba ko shi ne ke cin yaran ga. Wanda gwamnati ta ajiye don ya sani, shi ma bai sani ba. In na yi kuskure, kunya ce, ni za ta ci. In kuwa ban yi ba, na zauna..."

Ba ta ƙarasa ba. Daga cikin gida kukan jaririyar ya taso, siriri, ya yanke, ya sake tasowa. Malam Nasidi ya saurara har ya lafa.

"Babin tsarki na sani," ya ce daga bisani. "Wanga da kike faɗi ban karanta shi ba, malamaina ma ba su ga irinsa ba. Allah ya hana mu cutar da kai da cutar da wani. Ki tahi da ita. In an tambaye ni, ni na ce a tahi."

"Ba za su yarda ba. Sun san ni."

"Sun san ki," ya ce, har ya ɗan murmusa.

Ɗanlami ne ya samo motar, wata tsohuwar a-kori-kura da ke ɗaukar albasa. Bai yi gardama ba, bai kuma yi wasa ba. Da safe aka lulluɓe Suwaiba da zane biyu duk da zafin, ta shiga gaba da jaririya, Safara'u ta matsa kusa da ita. Ko da aka fito, mata sun riga sun tsaya a ƙofofin gidajensu. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Safara'u, lahiya? Arba'in ɗin ta zo da wuri bana?" Aka yi 'yar dariya. Safara'u ta ce, "Lahiya lau, sai mun dawo," idonta a kan hanya.

Sun ratsa gonakin Bakura, suka wuce Mafara, suka ɗauki hanyar Maradun. Duk ramin da motar ta faɗa sai Suwaiba ta cije leɓe, Safara'u kuma ta sa hannu ƙarƙashin zane ta taɓa ƙirjin jaririyar. Daga inda kwalta ta ƙare ƙasa ta soma tashi, kore ya ragu, sai karan dawa na bara da shanu a warwatse. Sun isa Faru rana ta yi tsaka.

Hindu tana tsakar gida tana sussukar gero da wasu mata uku. Doguwa ce, siririya, ta girmi Safara'u da 'yan shekaru. Ta ajiye taɓarya, ta shimfiɗa tabarma, ta sa aka kawo ruwa. Ta tambayi hanya, ta tambayi Malam, ta tambayi Ɗanlami da iyalinsa, da zafi, da gajiya, da mutanen Dakko ɗaya bayan ɗaya, kamar ba ta ga mai jego zaune a gabanta ba. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai ta ce, "To, uwar ɗiya. Mu da munka shirya tarbarku ranar arba'in. Ko itace ya ƙare a Dakko?"

Matan nan uku suka daina abin da suke yi.

"Itace na nan," in ji Safara'u. Ta fitar da maganar yadda kowa zai ji. "Ruwana ne ban yarda da shi ba. Ke kinka ce a bar ta nan, na ƙi. Na kawo miki ita, ki ƙarasa mata da na rijiyarki."

Hindu ta matso. Ta miƙa hannu aka ba ta jaririyar, ta warware zanen, ta duba wuya da hammata da bayan kunne. Ta tashi ta zaga bayan Suwaiba, ta ɗaga mayafin, ta daɗe tana kallo. Da ta sauke shi, da sauƙi ta sauke.

"Kin tabbata ruwan ne?"

"Ban tabbata ba."

"Kinka ɗauko mai jego cikin rana, bisa motar albasa, kan abin da ba ki tabbata ba."

"I."

Hindu ta dube ta ido cikin ido, irin kallon da ba a gane ko zargi ne ko wani abu dabam. Sannan ta juya ga matan. "Ku kuna kallon mi? A hura wuta. A ɗebo ruwa, a karyo dogon yaro. Ta rasa na jiya da na safe, ba za ta rasa na marece ba."

Gida ya motsa. Safara'u ta miƙe da nufin ta kama guga, Hindu ta ce, "Zauna, ke baƙuwa ce." Ta koma ta zauna. Ba a kwana a gidan suruki, kuma direban ya ce kafin la'asar zai juya, yana da lodi a Mafara. Ta buɗe jaka ta fito da man shafawar Bakura, da ƙullin kanwa, da yajin da ta daka da hannunta tun watan jiya, ta jera su a gefen tabarma. Ta soma bayanin yadda za a bi da wurin da ya ɗaye, Hindu ta ce ta yi wa mata tara wanka, ta sani.

Da ruwan ya tafasa aka shiga da Suwaiba makewayi. Safara'u ta karɓi jaririyar ta tsaya da ita a jikin danga. Tana jin saukar ganyen a bayan ɗiyarta, da nauyin da ba nata ba, da saurin da ba nata ba, tana jin Suwaiba tana jan numfashi ta haƙora. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce a sassauta tsakanin kafaɗu, sau biyu ta rufe. Taiba ta motsa a hannunta, ta juya kai tana neman nono, ta yi kuka kaɗan ta yi shiru. Ko alamar sauƙi ce, ko ta gajiya, Safara'u ba ta iya cewa ba.

A waje direban ya danna ham. Ta karanta abin da ya sawwaƙa ta tofa a kan yarinyar, ta miƙa ta ga ɗaya daga cikin matan. Ya sake dannawa, ya daɗe bai saki ba.

"Hindu," ta ce ta bayan danga, "in ta kama nono, a aiko mini. In ba ta kama ba ma, a aiko."

"Za a aiko," in ji Hindu daga ciki, ganyen bai tsaya ba.